Wa ke da alhakin jinyar sojan da ke bakin aiki?

Ranar Talatar da ta wuce, a bakin tagar karɓar marasa lafiya ta wani asibitin gwamnati a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, wani ma'aikaci da bai kai sa'an ɗana na fari ba ya karanta mini dokar da babu ita a kowane littafi. Ɗan ƙanwata na kai, soja ne da ke bakin aiki, ɓarɓashin bam ya shige masa cinya, aka ɗinke shi a gaggauce aka ba shi hutun jinya. Raunin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi cikin dare, ga uwarsa tana kuka a kaina.

Na yi sallama, bai amsa ba. Na miƙa katin yaron, ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya juya gaba ya juya baya, sannan ya turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi ba tare da ya ɗaga ido daga wayarsa ba. Ya ce, "Alhaji, wannan soja ne, ba namu ba ne, ku tafi asibitinsu." Na ce, "Ɗana, daga can muke, sun ce sai mun kawo takardar turawa daga rundunarsa, rundunar kuwa tana fagen daga." Ya ce to in kawo takardar 'yan sanda mai lamba 8, tunda rauni ne. Na tambaye shi cikin ladabi ko ofishin 'yan sandan unguwarmu ne zai rubuta sunan wanda ya harbo bam ɗin. A nan ne ya ɗago kai a karo na farko, ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ku Fallata ne ko? Ina lambarsa ta ɗan ƙasa?"

Madalla da wannan bincike mai zurfi. Ranar da aka miƙa wa yaron bindiga babu wanda ya yi shakkar asalinsa, ranar da aka tura shi gaban wuta ma ba a nemi sanin garin kakansa ba, sai yau da yake buƙatar auduga da allura ne aka tuna cewa zamansa ɗan Sudan abin tantancewa ne. Mutanenmu, waɗanda ake kira Fallata saboda kakanninmu daga Afirka ta Yamma suka zo, suna gaɓar kogin Shuɗin Nilu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, garin Mai Wurno yana nan yana shaida, amma har yanzu ana tare mu da wannan tambaya a kowace taga. Yaron da ke jingine da bango ya ce, "Kawu, ƙyale shi, mu tafi." Muka ƙare a asibitin kuɗi, uwarsa ta sayar da 'yan kunnenta.

Ban ɗora wa ma'aikacin nan laifin duka ba, domin ya sami ƙofa a buɗe ne ya shiga. Dokar Rundunar Soja ta 2007 ta riƙe soja gam: ba ya barin wurin aiki sai da izini, idan ya bari kuma kotun soja ce ke jiransa. Hukumar da take da wannan iko a kan jikin mutum ita ce ya kamata ta ɗauki nauyin jikin idan ya lalace a hidimarta, a duk garin da ciwon ya kayar da shi. Rundunar tana da sashenta na lafiya, babban asibitinta yana Omdurman, to amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 wane talaka ne zai ɗauki mai zazzaɓi daga gabas ya nufi can? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake yaƙi sun daina aiki, abin da ya rage kuma ya cika maƙil da 'yan gudun hijirar Hartum da Wad Madani. A irin wannan hali, cewa da majinyaci "ba namu ba ne" hukuncin kisa ne da aka lulluɓe da takarda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Sudan ta shiga yarjejeniyoyin Janiba tun 1957, waɗanda suka wajabta a ɗauki wanda ya ji rauni a yi masa magani ko da abokin gaba ne. Wato da yaron nan fursunan yaƙi ne, da akwai rubutaccen haƙƙin da zan nuna wa mai tagar. Da yake namu ne, sai ya zama ƙwallo tsakanin ma'aikatar tsaro da ma'aikatar lafiya. Masu sa kai da aka kira suka amsa tun farkon yaƙi, waɗanda unguwanninmu suka tura da yawa, su kuma wane katin za su miƙa?

Manyan ƙasar nan suna da lokacin jawabin yabon jarumai a talabijin, amma ba su da lokacin sa hannu a kan umarni mai layi biyu da za a manna a ƙofar kowane asibiti, na soja ko na farar hula, cewa a karɓi sojan da ya zo da rauni nan take, ma'aikatun biyu su yi lissafin kuɗinsu daga baya. Ba za su rubuta ba, domin idan nasu ɗan ya yi tari, jirgin Alƙahira ne ke ɗaukarsa.