Gonakin Solano da gonar Baba

Shekara shida ke nan ina zaune a Fairfield, cikin gundumar Solano ta jihar Kalifoniya. In ka ɗauki hanyar Rio Vista daga nan, ba abin da za ka gani sai tuddai, gonakin alkama, tumaki da manyan fankokin lantarki suna juyawa. Ƙasa ce mai iska da ƙarancin ruwa, ba wani dausayi ba. Amma a kanta ake ta kai ruwa rana yau shekara da shekaru.

Tun wajen 2018 wani kamfani mai suna Flannery Associates ya riƙa sayen gonakin nan a ɓoye, yana biyan ninkin farashi, har ya tara sama da eka 50,000 da kuɗi kimanin dala miliyan 800. Da yake filayen na maƙwabtaka da sansanin sojin sama na Travis, har 'yan majalisa suka fara zargin ko wata ƙasar waje ce. Sai a watan Agustan 2023 asiri ya tonu: attajiran Silicon Valley ne, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, irin su Reid Hoffman da Marc Andreessen da Laurene Powell Jobs, wani tsohon ma'aikacin bankin Goldman Sachs, Jan Sramek, yana jan ragama. Sabon birni suke son ginawa tun daga tushe a kan eka 17,500, mai ɗaukar mutum 400,000, kusan yawan mutanen gundumar gaba ɗaya.

Da na ji sunayen nan, na ce an gama, gobe katafila za ta shiga. Tunanin gida ne ya biyo ni.

Ashe tun 1984 mutanen Solano suka kaɗa ƙuri'a suka kafa doka: ƙasar noma da ke wajen garuruwa ba a mayar da ita unguwa sai da amincewar masu zaɓe. Gonar taka ce, ka shuka abin da ka ga dama, amma birni kam sai an tambayi jama'a. Kamfanin, wanda yanzu ake kira California Forever, ya tara sa hannu don a kai maganar akwatin zaɓe a Nuwamban 2024, ya cika ko'ina da talla. Ma'aikatan gunduma kuwa suka zauna suka yi lissafi: ina ruwan sha zai fito, wa zai faɗaɗa hanya, wa zai biya makarantu da 'yan kwana-kwana? Rahotonsu ya nuna biliyoyin daloli. Ga kuma haushin ƙarar da kamfanin ya kai wasu manoma a 2023, yana neman dala miliyan 510, wai sun haɗa baki sun tsauwala farashi. A Yulin 2024 masu kamfanin suka janye maganar ƙuri'ar da kansu, suka ce sai an yi nazarin muhalli tukuna.

Kada a ce na mayar da Amurka aljanna. Ni ɗan haya ne, kuma kuɗin haya a nan yana cin mutum da ransa. Dokar da ke kare gonar ita ce kuma ke kare darajar gidajen waɗanda suka riga suka mallaka, mu 'yan baya mu yi ta kame-kame. Masu kuɗin ma ba su haƙura ba, sun zagaya ta Suisun City, wani ƙaramin gari a gundumar, don in garin ya haɗiye filin cikin iyakarsa, ba sai gunduma duka ta yi ƙuri'a ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayoyin nan da aka yi kafin a aza bulo ɗaya. Gonar Baba tana gefen Kano. Ina yaro, jakuna ke kai mata taki a mangala, muna samun gero da dawa da wake na shekara. Babu wani attajiri da ya zo da taswira. Dillali ne ya zo da igiya. Maƙwabci ya sayar, na kusa da shi ya sayar, aka yanka fulotai, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Ba a bar lambatu ba, ba a bar filin makaranta ba, lungun ma da kyar mota ke shiga. Yanzu kowace damina ruwa ke kwana a ɗakunan mutane, don a kan hanyarsa aka yi gini.

Kuma ban ga laifin wanda ya sayar ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, in aka karɓi gonarka don amfanin jama'a, diyyar shuka da gini za a ba ka, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya san haka, da ya hango gari na matsowa, gara ya sayar wa ɗan awon igiya tun da sauran daraja. Doka ce da kanta ke koya masa gaggawa.

Makon jiya Yaya ya kira ni. Saura kadada ɗaya da 'yan kai a gonar, gidaje sun kewaye ta ta gefe uku, awakin unguwa sun cinye waken bana. Ya ce dillali ya sake dawowa, ƙannenmu mata kuma sun ce a raba gado kowa ya huta. Na ce ya ba ni zuwa bayan Sallah. Ya ce to, amma mutumin ya riga ya kafa turaku a gefen gabas.