Wai tsoron kabari ne ya sa muke sallah?

Jiya na kasa barci saboda wata magana da abokina ya yaɓa mini. Tare muka yi jami'a, ɗakinmu ɗaya har shekara biyu, kuma na san shi da ƙwazo da kirki. Shekarun baya ya daina sallah, daga bisani ya gaya mini a asirce cewa shi fa ya daina yarda akwai Allah. Ban tona masa asiri ba, kuma ba zan tona ba. Muna cikin mota ne, muna dawowa daga ta'aziyyar wani malaminmu, sai ya ce: "Malam, ku dai tsoron ramin nan ne ya hana ku sakat. Da kuna da zuciyar da za ku yarda cewa daga mutuwa babu komai, da ba ku nemi addini ba." Ya faɗa yana murmushi irin na babba in yana lallashin yaro, kuma wallahi murmushin ya fi maganar yi mini ciwo.

Maganar ta girme shi. A 1927 Bertrand Russell, masanin falsafa na Ingila, ya yi lacca a Landan inda ya ce tsoro ne tushen addini, musamman tsoron mutuwa da na abin da ba a sani ba. Ita ce yau wasu samarinmu suke maimaitawa a Facebook da sunayen aro, suna kallon duk mai ɗaura alwala a matsayin rago da ya kasa fuskantar duniya.

To, mu ba mu taɓa ɓoye tsoronmu ba. Babban yabon da Bahaushe yake yi wa mutum shi ne a ce mai tsoron Allah ne. Malamai ma suna kwatanta tsoro da fata da fukafukan tsuntsu, in ɗaya ya karye babu tashi. Abin dubawa shi ne me wannan tsoro yake sa mutum ya aikata ranar da ta ɓaci. Rago dai gudu yake yi.

Ranar 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato. Mutane suka yi ta gudun ceton rai, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom, har suka faɗo unguwar Musulmi a Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83, ya shigar da mata gidansa, maza kuma masallaci, mutum 262. Da maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi. Ya zube a gabansu yana roƙo, ya ce in kisa ne su fara da shi. Babu bindiga a hannunsa, babu soja a kusa. Daga baya ya bayyana cewa Kiristocin garin ne suka ba da filin da aka gina masallacin shekaru da yawa da suka wuce. Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019, amma a ranar da yake durƙushe a ƙasa bai san za a yi wata lamba ba, bai ma san zai kai magariba ba. Ina so abokina ya zauna ya yi mini bayanin wannan dattijo da ƙa'idarsa ta "tsoron mutuwa". Mutumin da tsoron kabari ya kai shi masallaci, ta yaya zai tsaya a ƙofar masallacin yana miƙa wuyansa saboda mutanen da ba addininsu ɗaya ba?

Ba shi kaɗai ba ne. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya fito fili ya soki aƙidar Muhammad Yusuf tun kafin duniya ta san sunan Boko Haram, kuma a 2007 aka harbe shi yana jan sallar asuba a Ɗorayi. Sheikh Albani Zariya ya ci gaba da sukar 'yan Boko Haram a lokacin da manyan masu ilimin zamani suke raɗa, aka kashe shi a 2014 tare da matarsa da ɗansa. Leah Sharibu yarinya ce ƙarama lokacin da aka sace 'yan matan Dapchi a 2018. Aka sako sauran, ita aka riƙe ta domin ta ƙi barin addininta na Kirista. Ban yi tarayya da ita a aƙida ba, amma duk wanda ya kira wannan yarinya matsoraciya bai san ma'anar kalmar ba.

Sai dai laifi tudu ne, kuma dole in sauko daga kan nawa. Akwai ragwanci a cikinmu, mai yawa ma, kuma shi abokina yake gani ya ɗauka imani ne. Tsoron mutane ne aka yi masa rawani. Yaro ya yi tambaya a islamiyya kan ƙaddara, maimakon amsa sai bulala. Saurayi ya zo da shakkarsa wurin malami, sai a kira shi ɗan iska a gaban jama'a, ya koma intanet inda mulhidai, masu musun akwai Allah, za su saurare shi da haƙuri har tsakar dare. Ranar da taron ɗalibai suka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista da aka zarga da ɓatanci ga Annabi (SAW), a Sakkwato a watan Mayu 2022, fadar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai, amma mu nawa ne muka san ɗaukar doka a hannu haramun ne muka yi gum, don kada a zage mu a ƙarƙashin rubutunmu? Ni ma na yi shiru ranar, kuma har yau abin yana damuna. Da tsoron Allah ne yake riƙe da ni a lokacin, da na yi magana, domin Annabi (SAW) ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin mai mulki, kuma taron jama'a in ya fusata shi ma mai mulki ne.

Shi kansa abokin nawa yana da nasa tsoron. In ya je gida hutu yakan bi 'yan'uwansa masallacin Juma'a, ya tsaya a sahu, don kada a gane. Ban taɓa kiran sa rago a kan haka ba, na san abin da zai iya samun sa, kuma ina yi masa addu'a kullum. Abin da nake nema a wurinsa shi ne ya daina wannan murmushin. Ya kawo hujjarsa, in kawo tawa, mu kwana muna yi kamar yadda muka saba a ɗakinmu na makaranta.

Na san mahaifiyarsa. Ta binne 'ya'ya biyu a damina ɗaya, ta riƙe sauran da sana'ar ƙosai bayan rasuwar mijinta, har shi ya kammala digiri. Har yanzu ƙarfe uku na dare tana kan darduma tana ambaton sunansa. Gobe in Allah ya kai mu zan kira shi in tambaye shi ko Hajiya ma tana cikin matsoratan da yake nufi.