Nasiha ga ɗalibai masu ƙirga itatuwa da tsuntsaye

Ƙannena masu karatun ilimin halittu da gandun daji a nan Sakkwato, ina roƙonku ku ji tsoron Allah a kan alƙaluman da kuke rubutawa a kundin kammala karatunku. Na taɓa ganin ɗalibin da aka ɗora wa aikin ƙirga gawo da aduwa a gonakin wani ƙauye da ke bakin gulbin Rima, sai ya zauna ƙarƙashin dogonyaro da kundin wanda ya gama shekarun baya, yana sauya lambobi, ko ƙura ba ta taɓa takalminsa ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Wataƙila ya ɗauka takarda ce kawai da za ta kwanta a kanta. Alhali tun da Najeriya ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar kare nau'o'in halittu a 1994, wajibi ne ta riƙa tsara yadda za ta kiyaye tsirrai da dabbobinta, kamar tsarin da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta fitar na 2016 zuwa 2020. Masu rubuta irin wannan tsari a Abuja ba za su iya taka kowane daji ba, rahoton masu bincike suke tattarawa, kuma duk yankin da aka yi wa ƙirgar ƙarya, maganin da bai dace da ciwonsa ba za a aiko masa.

Ku dubi ungulu. Iyayenmu sun san yadda take cika mayanka, yau sai a yi makonni ba a ga ko ɗaya ba. Kowa ya lura, amma maganar ba ta yi nauyi ba sai da masu bincike suka sake bin hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso da aka ƙirga ta a kansu shekaru talatin kafin nan, suka nuna raguwar da lambobi. A 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Haka batun dashe yake. Sakkwato na cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, mai dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu, kuma wani zai yanke shawarar irin icen da za a raba wa manoma. Manomi ya san gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka, amma wannan sani ba zai isa teburin hukuma ba sai an auna an rubuta.

Saboda haka ku fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku gaisa da hakimi da dattawan gari, ku tambaye su icen da suka daina gani. Ku rubuta sunansa na Hausa ko Fulatanci tare da na kimiyya, da wurin, da ranar. In ice bakwai kuka tarar, ku rubuta bakwai.