Waƙoƙin Kirsimeti sun cika min jadawali, ina namu na Sallah?

Duk ranar Juma'a nake duba jadawalin waƙoƙin da na fi saurara a mako, a Last.fm nake ajiye shi. Ga wanda bai san shi ba, shafi ne da ke ƙirga duk waƙar da ka kunna a waya ko kwamfuta sai ya jera maka su daga wadda ka fi ji har ƙasa, tun 2002 yake nan kuma a Landan aka fara shi. Na zaɓi Juma'a ne don ranar ake fitar da babban jadawalin Birtaniya a BBC Radio 1, sai in ajiye nawa kusa da nasu in ga inda muka haɗu da inda muka rabu, kuma yawancin shekara ba ma haɗuwa ko kaɗan.

To makon nan mun haɗu. Waƙar nanaye ɗin da ta riƙe min ta ɗaya tun Oktoba ta zamo zuwa ta huɗu, wata ta jita ta mutanen Agadas da nake ji in zan fita aiki ta fice daga goman farko gaba ɗaya, tsohuwar waƙar kalangu guda ce kawai ta tsaya a ta biyu ba ta motsa ba. Waƙoƙin Kirsimeti uku ne suka shigo lokaci guda, ɗaya ma kai tsaye ta hau ta ɗaya. Ba ni na kunna yawancinsu ba, sifikar da ke kicin a akawun ɗina take, yara kuma suna ta gwajin waƙoƙin wasan ƙarshen zango a makaranta, da sun dawo gida sai su ɗora daga inda suka tsaya. Gaskiya ban ji haushi ba, wasu daga ciki suna da daɗi, kuma wanda ya zauna a Manchester a Disamba inda ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba rana ta faɗi, ga sanyi ga yayyafi, ya san dalilin da ya sa mutanen nan suke riƙe da waƙoƙin nan da fitilun nan hannu bibbiyu.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Waƙoƙin nan fa duk tsofaffi ne, wasu sun girme ni, amma duk shekara sai sun dawo kamar 'yan cin rani, lokacinsu na yi za ka gan su, Disamba na ƙarewa su tattara su tafi sai baɗi. Ta Mariah Carey a 1994 ta fito, ba ta hau ta ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka ba sai Disambar 2019, shekara 25 kenan, a nan Birtaniya kuma sai 2020. Ta ƙungiyar Wham! tun 1984 take, sai ranar 1 ga Janairun 2021 ta hau ta ɗaya a Birtaniya, George Michael da ya rubuta ta bai ma gani ba don ya rasu a 2016. Wadda ta fi ba ni mamaki Brenda Lee ce, tana 'yar shekara 13 ta yi waƙarta a 1958, sai a 2023 waƙar ta hau ta ɗaya a Amurka tana da shekara 78 a duniya. Ku duba fa, tsohuwa tana zaune a gidanta waƙar da ta yi tana yarinya ta doke duk matasan da ke tashe.

Kuma kar wani ya ce ai don daɗin waƙar ne kawai. Akwai aiki a bayan abin. Tun cikin Nuwamba wasu gidajen rediyo irin su Magic suke komawa waƙar Kirsimeti zalla dare da rana, Heart ma tana buɗe tasha ta musamman don haka, duk kantin da ka shiga ita ake sakawa, talla a talabijin ita ce, Spotify da Apple Music da Amazon kowa ya tura jerin waƙoƙinsa na Kirsimeti saman shafi. Tun 2014 aka fara haɗa sauraron intanet a lissafin jadawalin Birtaniya, daga nan abin ya canza, don da sai ka sayi faifai ko ka sayi waƙar a intanet ake ƙirga ka, kuma ba wanda zai sake sayen faifan da yake da shi a gida, amma yanzu duk kunnawa maki ne. Har doka suka sa a 2017 cewa waƙar da ta tsufa sai an saurare ta ninki biyu kafin ta samu makin sabuwa, duk da haka in Disamba ta yi nisa tsofaffin ne ke cika goman farko. Kuma duk kunnawar nan kuɗi ne ke shiga aljihun wanda ya rubuta ko magadansa.

Yanzu mu juyo gida. Mu ma ai muna da lokutanmu kuma kowane da sautinsa, wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram ba sai an faɗa masa ba. Azumi ya kai goma yara sun fito tashe, ana bi gida gida, wannan ya ɗaura gemun auduga wannan ya cusa tsumma a ciki, 'yan mata da ƙwarya da waƙoƙinsu, a Kano ga Nalako da kamun gwauro. Ga masu kiɗan tada mutane sahur. Ranar sallah ga kakaki da algaita da tambari, hawan sallah, hawan Daushe, hawan Nassarawa, maroƙa da 'yan kirari kowa na bin ubangidansa, abin da UNESCO ma ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Watan Maulidi ya tsaya ga Ishiriniya a zaurukan unguwa ga sha'irai da mandiri. 'Yan uwanmu Kirista da ke ibada da Hausa a Jos da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa su ma suna da waƙoƙin Kirsimetinsu da Hausa, wanda ya taɓa jin zumuntar mata da tulunansu da caki a Disamba ya san ba wasa ba ne. Wallahi ba mu rasa komai ba ta fannin waƙar lokaci.

Amma ku zo ku duba jadawalina a waɗannan lokutan, babu ko ɗaya. Watan azumi lissafin sauraron nawa ƙasa yake yi don kamar mutane da yawa ni ma ajiye kiɗa nake in koma karatu da tafsiri, wannan kam daidai ne, ba na so ya canza. Sai dai ranar sallah fa? Ranar da ya kamata a ce wasu waƙoƙi sanannu sun yi tsalle sun hau sama kamar yadda na Kirsimeti suka yi min makon nan? Shiru. Abin da nake kunnawa ranar shi ne ɗan bidiyon hawa da ƙanwata ta turo min ta WhatsApp, da wata waƙar barka da sallah da aka yi ta turawa daga guruf zuwa guruf har sautin ya shaƙe, ba sunan mawaƙi ba shekara, sunan fayil ɗin lambobi ne kawai, Last.fm ba ya ma gane ta balle ya ƙirga. Idan kuma ka same ta a wani shafin sauke waƙoƙi to a tsakiyar baiti za ka ji wani ya rangaɗa sunan shafinsa.

Ni a ganina nan matsalar take, kuma kashi biyu ce. Na farko hanyar da waƙa ke yawo a wajenmu ba ta barin sawu. Ka je wajen masu tura waƙa a kasuwa ka ba da memori a cika maka, ko abokinka ya tura maka ta Xender ko bulutut, waƙa za ta iya zagaye Arewa da Nijar har Zango a Kumasi ba tare da an ƙirga ko sau ɗaya ba, mawaƙin kuma abin da zai samu shi ne na biki da na liƙi. Eh yanzu akwai Audiomack da Boomplay da YouTube, Spotify ma ta shiga Najeriya a 2021, akwai kuma jadawalin TurnTable na waƙoƙin da aka fi ji a Najeriya da ke fitowa duk mako tun 2020, amma wanda ke ji daga memori a shagon ɗinki ko a cikin adaidaita sahu ba ya cikin wannan lissafin, kuma su ne masu sauraron waƙar Hausa na ainihi.

Na biyu kuma shi ya fi min ciwo, mu ba ma komawa ga tsohuwa. Duk sallah mawaƙa za su saki sabbin waƙoƙin barka da sallah, a yi kwana uku ana rawa da su a TikTok, baɗi ba wanda zai tuna, a sake sabbi. A nan Birtaniya kuwa sabbi suna fitowa duk shekara amma da ƙyar suke samun wuri, don yaro yana so ya ji wadda uwarsa ta ji wadda kakarsa ta ji. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, duk sun yi zamani da Brenda Lee ko kusa da haka, kuma ba wanda zai ce min aikinsu bai kai a dinga dawowa gare shi ba. Ana jin su kam, ni ma ga guda a ta biyu a jadawalina, amma ba mu ware wani lokaci a shekara da za a ce yanzu fa lokacin kaza ne, kowane gidan rediyo kowane shago kowace mota ita za ka ji. Tashe kuma da ma ba a faifai yake ba a bakin yara yake, kuma a 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da shi saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, to yaron da bai fita tashe ba kuma ba inda zai ji shi, a ina zai koya?

Na san wani zai ce to sai me in ba a ƙirga ba, ai sallah ba jadawali ba ce. Haka ne. Kuma ba na fatan mu kwaso duk abin da ke nan, don yana da nasa illar. Maƙwabciyata a kanti take aiki, ta ce kafin ranar Kirsimeti ta zo kanta har ciwo yake saboda waƙoƙi ƙalilan ake ta maimaita musu daga safe har dare, kuma sabon mawaƙi a nan in yana da hankali ba ya sakin waƙa a Disamba don ya san za a danne ta. Da yawa daga abin ma kasuwa ce ke tura shi, a sa maka waƙa ka ji daɗi ka ƙara sayayya. Namu yana da abin da nasu ba shi da shi, sai da mutane yake yiwuwa, ba ka jin kakaki kai kaɗai a ɗaki, sai ka fita ka sha rana da ƙura a Ƙofar Kudu cikin jama'a. Amma wannan alherin shi ne kuma ya zame mana cikas mu da ke waje, don ranar sallah a nan sau da yawa ranar aiki ce, ka yi idi ka wuce aiki yara su wuce makaranta, ba doki ba algaita, in babu abin kunnawa to babu sautin sallah kenan a gidan. Yarana sun haddace waƙoƙin Kirsimeti ba tare da kowa ya zaunar da su ba, na tashe kuwa sai abin da na iya rera musu da bakina, kuma wasu baitocin sun fara kuɓuce min.

Abin da nake so ba mai wuya ba ne. Gidajen rediyo irin su Rediyon Tarayya Kaduna da Rediyon Kano sun daɗe suna naɗar makaɗa, Freedom Radio ma tun 2003 take, su fito da abin da ke rumbunsu na sallah da tashe da kiɗan fada a gyara sautin a ɗora a intanet da sunan mai waƙa da shekara, da izinin iyalansu yadda kuɗin zai koma musu. Masu nazarin Hausa a Bayero da ABU da Usmanu Danfodiyo sun rubuta abubuwa da yawa kan tashe, to a haɗa da sauti, a samu yara su rera a naɗa da kyau. Mawaƙanmu na yanzu kuma don Allah wani ya zauna ya yi waƙar sallah da niyyar ta shekara talatin ana ji, ba sunan ɗan siyasa ba sunan mai kamfani a ciki, don su ne ke kashe waƙa da wuri. Masu gabatar da shiri su ma su daure su dinga dawo da waƙa ɗaya duk sallah har kunne ya saba, haka na nan suka kafu.

Tunda watanmu yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya duk shekara, a 2030 azumi sau biyu zai zo, farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, wato zai faɗo daidai lokacin da garin nan ke cike da waƙoƙin Kirsimeti, kuma shekarun da ke biye sallah ma za ta ratso ta cikin wannan lokacin. Yaran da ke tasowa a nan za su ji biyun a mako ɗaya, kuma ina so a ce kafin lokacin akwai abin da za mu kunna musu mai kyan sauti. Don haka 'yan uwa duk wanda ke da tsohon kaset ko faifai na tashe ko kiɗan hawa ko waƙar sallah, musamman in ya san wanda ya yi da garin da aka naɗa, don Allah ya yi min magana, ina da na'urar juyar da kaset zuwa kwamfuta kuma zan biya kuɗin aikowa.