Kwata ta toshe, ƙungiya na shirin rabon lambar yabo

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar Magariba, sakataren ƙungiyar aikin gayya ta unguwarmu ya tare ni a ƙofar masallaci da ambulan a hannu. Yaro ne mai ladabi, sai da ya rusuna ya gaishe ni sannan ya miƙo. Na buɗe sai ga katin gayyata mai sheƙi kamar na bikin 'yar gata: taron cika shekara, ƙaddamar da kalanda, da karrama "fitattun mutane" goma sha biyu. Akwai uban taro, akwai babban baƙo, akwai baƙo na musamman, akwai mai ƙaddamarwa, har da mai taya shi. Sunan ƙungiyar ma an sauya, yanzu gidauniya ce, da wani dogon suna na Turanci wanda rabin 'ya'yanta ba za su iya furtawa ba.

Na ce masa, "Ɗana, yaushe rabonku da shiga kwatar bayan makaranta?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, tallafi muke jira. Mun rubuta wa ƙaramar hukuma, mun kuma kai takarda gidan Onarabul." Muna wannan magana, tsakaninmu da kwatar bai fi taku goma ba. Ta cika maƙil da yashi da ledar fiya wata da robobin lemo, har ciyawa ta tsiro a kanta, wata akuya na tsaye a kai tana kiwo.

Ba yaron nake gani da laifi ba, abin da ya taso ya tarar ke nan. Takaicina yana kan manyan da ke zuga su. Duk sanda damina ta kawo jiki sai ka ji su a gidajen rediyo da murya ɗaya: gwamnati ta sa 'yan aikin gayya cikin tsarin alawus na wata-wata, masu kuɗi su ɗauki nauyin ƙungiyoyi, in ba haka ba aikin sa kai zai mutu. Ni kuwa a ganina wannan maganin nasu shi ne ainihin ciwon.

Mu koma kan kalmar. Gayya a ƙauye ba kwangila ba ce. Mai gona ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, ya gayyaci samari, a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗi ya zo da gangar noma, a yi layi a kunya ana zuga juna, kafin Azahar an gama abin da zai ɗauki mutum ɗaya mako biyu. Ba wanda ake ƙirga wa kuɗi. Ladanka shi ne gobe in taka ta taso za a zo maka, in kuma ka noƙe yau, ranar taka ka ga gona fayau. Jinka ma haka ake ɗora ta, shi ya sa aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Da aka shigo birni sai gona ta zama kwata da maƙabarta da rufin makarantar allo, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: abin da ke riƙe mutum shi ne kunyar idon maƙwabcinsa, da sanin cewa in ruwa ya shiga ɗakin maƙwabci, nasa ne na gaba.

Ina cikin samarin da suka yi wa ƙungiyar tamu hidima a da, kuma ban manta yadda take ba. Shugabanni uku ne kacal: shugaba, magatakarda, ma'aji. Ma'ajin wani tela ne, littafin kuɗin yana cikin aljihun keken ɗinkinsa, duk wanda ya so ya duba sai ya je ya duba. Kowa na ba da kuɗin wata, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da shi aka tara shebur da diga da manjagara da baro huɗu. Ranar aiki, da an idar da sallar Asuba, mai unguwa ya fito da sandarsa ya tsaya. Ba ya cewa komai, tsayuwar ce maganar. Matan gidaje su aiko da koko da ƙosai. Wanda ba zai iya shiga kwata ba ya tura baro, tsoho ya riƙe butar wanke hannu. Wata shekara ruwa ya zubar da katangar maƙabarta ta gabas, har ƙasa ta fara zaizayewa kusa da kaburbura. Cikin Asabar uku muka tayar da ita da tubalin da muka buga da hannunmu. Babu wanda ya ɗauki hoto, ba kuma wanda aka karrama.

Yau shugabannin ƙungiyar sun haura ashirin. Akwai mai kula da yaɗa labarai na ɗaya da na biyu, akwai mai kula da shafukan sada zumunta, akwai iyayen ƙungiya da ba su taɓa taka layin ba sai lokacin kamfe. Kuɗin wata kuwa an daina karɓa, wai kada a takura wa mutane.

Masu kiran alawus su leƙa maƙwabta su ga yadda irin wannan ta ƙare. A Nijar, samariya tsohuwar al'ada ce ta gari, da sarkin samarinta da komai. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 sai ya farfaɗo da ita ya mai da ita hannun gwamnati a kowane gari da kowace unguwa. An yi aiki, ba a musu. Samari sun gina ajujuwa, sun dasa itatuwa, sun share garuruwa, kuma dattawan Maraɗi da Damagaram har gobe suna ba da labarin. Amma da ƙungiyar ta saba karɓar umarni da kayan aiki daga sama, sai ta manta yadda ake tashi ba tare da an tashe ta ba. Kountché ya rasu a 1987, aka yi babban taron ƙasa a 1991, siyasar jam'iyyu ta shigo, samariya ta dushe. Wannan fa gwamnatin soja ce mai tsare gida, wadda in ta ce a fito sai an fito. To ina ga ƙaramar hukumar da albashin malaman firamare ma sai an kai ruwa rana?

A ce ma an fara biyan alawus ɗin. Wa zai rubuta sunaye? Kansila. Su wa zai rubuta? Mun sani. Wata na farko za a ga mutum ɗari a takarda, goma sha biyar a kwata. Wata na huɗu kuɗin ya tsaya, goma sha biyar ɗin ma su ajiye shebur, don yanzu sun zama ma'aikatan da ake riƙe wa haƙƙi. Sauran jama'ar unguwa kuwa sun riga sun janye hannu tun ranar da suka ji ana biya: ai akwai masu cin kuɗin, su shiga mana. Wanda ya taɓa ganin yadda ake rabon guraben tallafi a mazaɓa ya san ba zuƙi ta malle nake yi ba.

Kuɗin ɗan siyasa kuma ya fi na gwamnati illa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Onarabul ya ba da baro goma da aka shafa wa fentin jam'iyya, ya ɗinka riguna da hotonsa a baya. Daga ranar, rabin samarin unguwa da ke ɗaya jam'iyyar ba za su ƙara sa ƙafa ba, su ma su kafa tasu, su nemi nasu uban gidan. Unguwa ɗaya, kwata ɗaya, ƙungiya uku, kowacce da kalandarta. In lokacin zaɓe ya zo, samarin da aka tara don yasar kwata su ne za ka gani a bayan a-kori-kura ana ihu.

Na san akwai masu yamutsa fuska in an ambaci Rotary, ƙungiyar nan ta sa kai mai rassa a faɗin duniya, wasu su ce ƙungiyar 'yan boko ce masu cin abincin dare a otal, wasu su faɗi abin da ya fi haka. Ba shiga nake cewa a yi ba, tsarin nake so a duba. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta a Chicago ta Amurka a 1905, kuma aikin farko da suka yi wa jama'a a 1907 banɗakin jama'a ne. Banɗaki fa, ba kalanda ba. Reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya, Jonathan Majiyagbe, daga reshen Kano ya fito, ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004, daidai lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar. Tun 1985 'yan Rotary suka ɗauki yaƙi da wannan cuta suka riƙe shi, suka zuba fiye da dala biliyan 2, har aka kai ranar 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ba su kaɗai suka yi ba, amma shekara 35 ba su saki ba. Ɗan ƙungiya shi ke biyan kuɗi don ya zama ɗan ƙungiya, ya halarci taro a kai a kai, kuma shugaba shekara ɗaya yake yi ya sauka. Mu kuwa namu shugaban gidauniyar sai mutuwa ko rigima.

In an ce waɗancan masu hali ne, to ga namu na gida. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, Fityanul Islam ta 1963, Izala ta 1978, kowacce na da rundunar 'yan agaji. Kalli mutumin da ke tsaye cikin rana a filin Idi yana daidaita sahu, ko a bakin masallacin tafsiri yana raba motoci, ko a sansanin alhazai yana ɗaukar wa tsohuwa jaka. Sau da yawa ɗan tireda ne, ko bakanike, ko mai tura kura, kuma kakin da ke jikinsa da kuɗinsa ya ɗinka. Yana zuwa fareti, yana da na gaba da shi, in ya yi fashi a tambaye shi dalili. Ƙungiyoyin sun sha rigingimunsu da rabuwar kai, amma ɗan agaji bai daina fitowa ba, don tun farko ba kansila ne ya rubuta sunansa ba.

Sai a ce ai talauci ne. Na yarda rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya kai magidanci ko'ina. Amma matashin da ke sayen data kullum don kallon ƙwallon Ingila kada ya gaya mini ba shi da naira ɗari biyu a wata, kuma sa'a uku na safiyar Asabar ba a kasuwa ake sayensu ba. Masu cewa aikin gwamnati ne, me ya sa talaka zai yi mata, gaskiyarsu rabi ce: shebur ba zai tare madatsar Alau da ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024 ba, ba kuma zai hana ambaliyar da aka yi a Mokwa a Mayun 2025 ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Wannan a tuhumi hukuma. Amma ledar da ta toshe kwatar ƙofar gidanka ba daga Abuja aka aiko ta ba. Masu kawo misalin Ruwanda kuwa, inda doka ke tilasta fita aikin gari ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, su tuna mu ma muna da tamu ranar tsaftar muhallin, kuma mun san yadda ake yin ta: a kulle ƙofa a yi barci har ƙarfe goma a buɗe hanya.

Abin da ya maye gurbin aiki shi ne rabo, don rabo ya fi kyau a hoto. Kwata ba ta da farin jini a Facebook. Amma ka tsayar da gwauruwa ta riƙe ledar shinkafa mudu ɗaya, mutum takwas masu riga iri ɗaya sun kewaye ta suna murmushi, nan take yabo ya fara zuba. Wannan tozarci ne, ko da an kira shi taimako. Kuma tara mayunwata wuri ɗaya ba wasan yara ba ne. A Disambar 2024, cikin mako guda, turmutsitsin rabon kaya ya kashe yara 35 a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, da 10 a Abuja. Gidauniyar da ba ta iya tara mutum ashirin su riƙe shebur ba, ita ce za ta iya da layin mutum dubu?

Ban ce gwamnati ta naɗe hannu ba. In tana son taimakawa ta aiko da tifa ranar da aka yashe kwata ta kwashe dagwalon kafin ruwan dare ya mayar da shi inda aka fito da shi, don wannan ne ke karya gwiwar masu aiki fiye da komai. Mai kuɗin da ke son lada ya sayi takalman ruwa da safar hannu ya kai wa mai unguwa, ba sunansa a jiki. Ƙungiya kuma ta dawo da kuɗin wata, ta rage kujeru, ta karanta lissafi a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Sauran duk za su biyo baya.

Kafin mu rabu na tambayi sakataren nawa aka kashe a buga kati da kalanda. Ya faɗa mini, na yi lissafi a zuci, kuɗin baro uku ne da canji. Na ce cikin huɗun da muka bar muku saura nawa? Ya ce saura ɗaya, shi ma ba taya, yana zauren mai unguwa ana zuba masa gawayi. Na mayar masa da katinsa, na ce ya gaya wa shugaba ba zan sami zuwa taro ba, amma ya turo yaro gobe ya karɓi kuɗin taya.