Dashen haƙori: kun iya karɓar kuɗi, da ya fara girgiɗi kuma kuka ce goro ne

Duk asibitin haƙorin da ya rubuta "dashe na har abada" a allon tallarsa, ko a bidiyon da yake watsawa a TikTok, ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Dashen haƙori aiki ne mai kyau, sama da 90 cikin 100 suna kai shekara 10 lafiya lau. Amma akwai ragowar da ke lalacewa, kuma a ranar lalacewar ake gane wa ke likitanci, wa ke kasuwanci da farar riga. Hajiyarmu ta faɗa cikin ragowar nan, mun kuwa ga abin da ya ishe mu.

Mutane da yawa na ɗauka abin irin haƙorin Makka ne. Sam. Haƙorin Makka hula ce ake ƙwama wa haƙorin mutum. Shi dashe huda ƙashin muƙamuƙi ake yi, a ɗaura ƙusar ƙarfen titaniyom, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya tsiro ya rungume ta, sannan a ɗora farin haƙorin da ake gani a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Branemark, shi ya lura a 1952 cewa wannan ƙarfe na haɗewa da ƙashin zomayen da yake gwaji a kansu, ya yi wa mutum na farko a 1965, kuma mutumin ya rayu da ƙusoshinsa kusan shekara 40 har ya koma ga Mahaliccinsa. Ke nan dabarar ba ta da laifi. In an ga ta faɗi cikin ɗan lokaci, a tambayi yadda aka yi aikin da kuma bakin da aka yi shi a ciki.

Hajiya tana da ciwon suga, kuma ciwon dasashi ne ya zubar mata da turame biyu na ƙasa. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su sa likita ya ja birki. Sugan da bai daidaita ba yana hana rauni warkewa, ƙwayoyin cutar da suka cinye gindin haƙoran asali kuwa suna nan a bakin, ba inda suka je, za su koma kan ƙusar ne kawai. Ya kamata a fara gyara dasashin, a yi gwajin jinin da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata 3 da suka wuce, a ɗauki hoton da ke nuna kaurin ƙashi ta kowace fuska, wanda suke kira CBCT. Me aka yi mata? An soke ta a yatsa da safen, aka ce "Mama, suganki ya yi kyau yau", aka ɗauki ɗan ƙaramin hoto guda, aka turo mu wajen biya. Sarƙar zinarinta ta sayar. Ko inshorar lafiya ta gwamnati ba ta ɗaukar dashe, daga aljihu ake zarowa. A lokacin har ruwan roba mai sanyi ake kawo mana a ɗakin jira.

Bayan an ɗora haƙoran ba da jimawa ba, sai jini ya fara biyo buroshi. Daga nan wari. Na taɓa haska bakin da fitilar waya, ta danna dasashin da yatsa, sai ga ɗiwa fara-fara ta ɓullo ta gefen haƙorin, naman wurin ya yi ja ya kumbura yana sheƙi. Muka koma. Amoxil da Flagyl, da kwalbar ruwan kuskure baki. Ya lafa, ya dawo. Muka koma. Amoxil da Flagyl. Ba wanda ya ɗauki sabon hoto, ba wanda ya zura ɗan ƙarfen awo ya ga zurfin ramin da ke buɗewa tsakanin dasashi da ƙusa. Da na matsa, sai likitan ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Alhaji, ai Mama ce ba ta daina goro ba. Kuma wani jikin ba ya karɓar ƙarfe."

Wannan magana ta "jiki ya ƙi karɓa" ita ce mafakarsu, kuma galibi ba gaskiya ba ce. Ƙusa ba ƙoda ba ce da jiki zai yi mata tawaye. Waɗanda titaniyom ba ya yi musu 'yan kaɗan ne ƙwarai. In ƙusa ta faɗi a watannin farko, dalilan sanannu ne: ko an ƙona ƙashin wajen hudawa saboda ba a sanyaya shi da ruwa yadda ya kamata ba, don zafin da ya wuce digiri 47 na minti 1 ya isa ya kashe shi, ko ƙashin ya yi siriri ko taushi, ko cuta ta shiga, ko an yi gaggawar ɗora mata tauna, ko mai ita yana shan taba. In kuwa ta kama tukuna sannan ta fara lalacewa, mafi yawa ciwon gindin dashe ne. Wani lokacin ma simintin da likita ya manna haƙorin da shi ne ya yi saura a ƙarƙashin dasashi, datti ya taru a kai. Goro na iya ɓata launi, yana iya wahalar da farin haƙorin da ke kan ƙusar, amma ba shi ya hana a ɗauki hoto ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin da aka ɓata mana. Ciwon nan mataki biyu ne. Da farko dasashi kawai ke kumbura yana jini, ƙashi bai taɓu ba, kuma a wannan matakin wankewa mai kyau a asibiti da tsabta a gida suna mayar da komai daidai. In aka bar shi sai ya gangara ya fara narkar da ƙashin da ke riƙe da ƙusar, shi kuma ba ya dawowa da kansa. Ƙwaya kaɗai ba ta warkar da shi, domin dattin ya manne a cikin zaren ƙusar, sai an kai hannu an kankare. Kuma ba ya cika yin zafi, ƙusa ba ta da jijiya, shi ya sa mutum ke zaune yana cewa ya ji sauƙi alhali ƙasar gindin turken ce ruwa ke zaizayewa. Duk watannin da aka yi ana cika tsohuwar nan da ƙwaya har cikinta ya lalace, watannin da za a iya ceto aikin ne.

Ranar da ta ce tana jin haƙori ɗaya na motsi a ƙarƙashin harshe muka nufi asibitin koyarwa. Bayan dogon layi, likitan ya duba hoto ya nuna min baƙin rami kewaye da ƙusar, ya ce wannan sai cirewa, ta biyun akwai fatan a ceto ta. Sannan ya yi tambayar da ta tsayar da ni: "Na wane kamfani aka sa mata?" Ashe kamfanonin ƙusar nan suna da yawa, kowanne da irin notinsa da irin makullin kwance shi, wanda bai san irin da ke bakinka ba zai sha wahala kafin ya taɓa shi. A ƙa'ida ana ba majiyyaci kati mai sunan kamfani, tsawo da kaurin ƙusar, da lambarta. Mu rasit kawai aka ba mu, an rubuta "aikin haƙori".

Na koma neman katin. Yarinyar da ke kan tebur ta ce, "Yallaɓai, wanda ya yi aikin ai ba namu ba ne, zuwa yake yi lokaci-lokaci, yanzu kuma ya daina." Fayil fa? Ana nema. Mai asibitin fa? Yana taro. Daga ƙarshe da ya fito, tayin da ya yi min shi ne a cire a sake sabo, zai rage mana wani abu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Alhali manyan kamfanonin ƙusar nan suna musanya wa likita wadda ta faɗi idan ya mayar da ita tare da lambarta. To ko dai ya karɓi musanya zai sake sayar mana, ko kuma abin da ya ɗaura mata ba shi da uban da za a mayar wa.

Ga wanda ke cikin irin wannan hali, kada ya yarda a ce masa motsi ba komai ba ne. Motsin iri biyu ne, hoto da dubawa ke raba su. Wani lokacin ɗan notin da ya riƙe farin haƙorin ne ya saki, ƙusar tana nan daram. Wannan ɗaurewa kawai ake yi, amma in aka yi ta tauna a kansa notin na iya karyewa a ciki. In ƙusar ce da kanta ke girgiɗi, babu maganin da zai sake kafa ta, kuma barin ta na ƙara cin ƙashin da za a buƙata gobe. A cire, a wanke ramin, in ya yi faɗi a cika shi da garin ƙashi, a jira watanni. Ana iya sake dasawa, sai dai na biyu bai cika yin nasarar na farko ba, balle in ba a gyara abin da ya kayar da shi ba: suga, dasashi, taba ko shisha, ko cizon haƙora cikin barci. Wadda ke shan maganin ƙarfafa ƙashi ta faɗa wa likita kafin a taɓa muƙamuƙinta. Kuma ba dole sai ƙusa ba. Akwai haƙorin da ake jingina wa maƙwabtansa, akwai na roba mai cirewa, ba abin kunya ba ne. Abu guda da ba a kwana da shi: in an yi dashe a muƙamuƙin ƙasa, allura ta sake amma leɓe ko haɓa na nan a mace, ƙila ƙusar ta danne jijiya, a koma a ranar.

Masu hawa jirgi zuwa Alƙahira, Dubai ko Istanbul su yo shi cikin mako guda ma su ji. In ya fara jini bayan shekara, likitan yana can, bakin yana nan.

'Yan uwa sun yi ta ce min in bar wa Allah, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ɓatan fayil aikin mutum ne. Kundin haƙƙin majiyyata da aka ƙaddamar a Najeriya a 2018 ya ba mara lafiya damar samun bayanan jinyarsa da cikakken bayanin abin da ya biya. Hukumar MDCN, mai ba likitoci da likitocin haƙori lasisi, tana da kwamitin binciken ƙorafi da kotun ladabtarwa, ga kuma FCCPC mai kare masu sayen kaya da ayyuka. Na tattara rasit, takardun ƙwayoyin da suka yi ta rubutawa, hoton farko da na yanzu, da rahoton asibitin koyarwa. Na rubuta wa mai asibitin takarda, na sa an buga min hatimin karɓa a kwafina: fayil ɗin Hajiya, sunan kamfanin ƙusar, da cikakken sunan wanda ya huda mata muƙamuƙi da lambar rajistarsa. Ragin da ya yi mana tayi kuwa, ya riƙe abinsa.