Gidanka ne, jirginka ne, amma an ce ka ɓoye shi

A garin Seaside da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, hukumar gari ta aika wa wani magidanci takarda a 2023 wai dole ya yi shinge mai tsawon ƙafa 6 ya kare jirgin ruwansa da ke ajiye a harabar gidansa, in ba haka ba a ci shi tarar dala 100. Mutumin ya yi shingen, sai ya sa maƙwabcinsa mai zane ya zana masa hoton jirgin tsaf a jikin ƙyauren shingen, hoton ya zagaye intanet a 2024 mutane suna ta dariya, ni kam abin ya dame ni. Jirgin nan bai tare hanya ba, bai zubar wa kowa da mai a ƙofa ba, laifinsa kawai ana ganinsa.

Ga wanda bai san yadda abin yake can ba, mutane da yawa suna da ƙaramin jirgi mai inji da ake ɗorawa a tirela a ja da mota zuwa tafki, wasu kuma suna da babbar motar nan mai gado da kicin da bayi a ciki ta tafiya hutu. To in an dawo ina za a ajiye? Nan rigimar take, domin hukumomi biyu ne a kan mutum, ga dokar gari ga kuma ƙungiyar masu gidajen unguwa wadda ka sa hannu a yarjejeniyarta tun ranar da ka sayi gidan, kuma sau da yawa ita ta fi tsanani. Wani wuri a ce sai bayan gida ko gefe, wani wuri a ce ba a kan ciyawa ba sai kan siminti, wani wuri kuma a hana gaba ɗaya ka je ka kama hayar fili kana biya duk wata.

Gaskiya akwai dokokin da nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Motar da tsawonta ya kai na bas in aka ajiye ta a kwana ta tare wa direba gani, yaro ya fito da keke ba a hango shi ba, wannan maganar rai ce. Haka wanda zai zubar da ƙazantar bayin motar a kwata, ko ya toshe hanyar motar kashe gobara, ko ya bar tukunyar gas jingine da bangon maƙwabci. Haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne, a hukunta mai yin haka.

Amma dokar "kada a gani" fa? Hujjar masu yin ta wai darajar gidaje za ta faɗi. Ni abin da nake gani shi ne ana so a ɓoye alamar talaka da mai aikin hannu. Duba garin Coral Gables a jihar Fulorida, tun shekarun 1960 aka hana mutum ya bar a-kori-kura ta kwana a ƙofar gidansa, sai a 2012 masu zaɓe suka sassauta dokar. Kusan shekara hamsin kafinta da mai gyaran famfo suna ɓoye motar neman abincinsu, haba! Mai kuɗi bai ji komai ba, garejinsa babba ne, jirginsa na tashar jirage yana biya.

Majalisar Fulorida ma ta gane an wuce gona da iri. A 2023 ta yi dokar da ta hana ƙungiyoyin unguwa tsawata wa mai gida kan jirgi ko motar hutu matuƙar ba a hango su daga gaban gida ko gidan maƙwabci, a 2024 kuma ta hana su korar a-kori-kura daga harabar mutum. An ci gaba, amma har yanzu ma'aunin ido ne, wanda bayan gidansa ƙarami ne bai tsira ba. Da ni ne, in jami'i ya zo da takardar tara sai ya rubuta sunan wanda jirgin ya cutar kuma ta yaya, in babu suna babu cuta ya koma ofis da takardarsa.